Bayan Tashin Bama-bamai: Nazari kan Taimakon Ƙasashen Waje a Hanyar Katsina zuwa Kano, 2012–2021

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ya biyo bayan hare-haren bama-bamai a Arewa maso Yammacin Nijeriya, ta auna shi da irin taimakon da ƙasashen waje suka bayar. Hujjarta ita ce, taimakon ya fi karkata ga makamai da yankin Tafkin Chadi, alhali ɓarnar da ta taɓa kasuwanci da ayyukan raya ƙasa a Arewa maso Yamma ba ta samu mai tallafa mata ba.

Hanyar da ta tashi daga Ƙofar Kaura

Duk wanda ya fita Katsina ta Ƙofar Kaura ya nufi Kano, zai wuce Lambar Rimi, Charanci, Kankiya da Bichi. A ƙarshen hanyar nan ne aka kai hare-haren ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, kan ofisoshin 'yan sanda, na shige-da-fice da na tsaron farin kaya, inda aƙalla mutum 185 suka rasu. Dokar hana fita ta biyo baya, shingayen bincike suka yawaita. Direbobi da fatake su suka biya kuɗin wannan tsaro da lokacinsu, wani sa'in da aljihunsu.

Harin da ya fi kusa da birnin Katsina shi ne na Rimi. Ranar 19 ga Disamba, 2012, 'yan bindiga suka jefa abin fashewa a ofishin 'yan sanda, suka sace Francis Collomp, injiniyan kamfanin Vergnet na Faransa da ke aikin samar da lantarki mai megawat 10 daga iska. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhaki, tana kafa hujja da dokar hana niƙabi a Faransa da shirin ƙasar na kai yaƙi Mali. Collomp ya kuɓuta da kansa a Zariya cikin Nuwamba 2013, amma aikin ya kwanta shekara da shekaru. Rikicin da aka ƙulla a Paris da Bamako, Bakatsine ne ya kwana cikin duhu saboda shi.

Siffar taimakon

Birtaniya ta haramta Ansaru a Nuwamba 2012. Amurka ta saka ta, tare da Boko Haram, cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci a Nuwamba 2013. Kafin nan, a Maris 2012, dakarun Birtaniya da na Nijeriya sun yi yunƙurin ceto wani Baturen Ingila da ɗan Italiya a Sakkwato, aka kashe su duka biyun, Italiya kuma ta yi ƙorafin ba a sanar da ita ba. Abin lura shi ne, an fi gaggawa idan ran da ke cikin haɗari na baƙo ne.

Taron tsaro da aka yi a Paris a Mayu 2014 da rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a N'Djamena duk Tafkin Chadi suka fuskanta. Jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 kuwa saye aka yi, da kusan dala miliyan 500, ba kyauta ba. Lokacin da rukunin farko ya iso a Yuli 2021, matsalar tsaron Katsina ta riga ta koma dajin Rugu da ƙauyukan Batsari, Safana da Jibiya.