Sinadarin ƙarfe a ƙwaƙwalwa

Sinadarin ƙarfe, wato ayan, yana isa ƙwaƙwalwa ta hanyar jini. Furotin mai suna taransiferin ne ke ɗaukarsa zuwa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, inda ake tsallakar da shi kaɗan-kaɗan. Ƙwaƙwalwa na amfani da shi wajen gina rufin jijiyoyi da samar da sinadarin dofamin.

Idan ƙarfe ya yi ƙaranci a jikin jariri, jajayen ƙwayoyin jini ne ke fara samun rabonsu. Saboda haka ƙwaƙwalwa kan rasa nata tun kafin gwaji ya nuna ƙarancin jini, kuma hakan na iya shafar koyon yaro daga baya.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya masu wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, zazzaɓin cizon sauro kan yawaita da damina. Cutar na sa hanta ta ƙara fitar da sinadarin hefsidin, wanda ke hana hanji tsotsar ƙarfe daga abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa bai wa yara maganin ƙarin jini da rigakafin zazzaɓin da maganinsa a irin waɗannan wurare.