Kama-walkinka

Kama-walkinka (suna, namiji). Ƙaramin tsiro mai yaɗo da ƙaya, ɗan dangin wake, wanda masana ke kira *Mimosa pudica*. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, amma yanzu ya bazu a ƙasashe masu zafi da damshi. Furensa mulmulalle ne, ruwan hoda.

Da yatsa ya taɓa shi, sai ƙananan ganyensa su haɗe bibbiyu, ɗaya na bin ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu. In taɓawar ta yi ƙarfi, hannun ganyen ma sai ya langaɓe. Sirrin yana gindin kowane ganye, inda akwai ɗan kumburi cike da ruwa. Saƙon taɓawa na isa wurin, ruwan ɓangare guda ya fice, ganyen ya rusuna. Bayan 'yan mintuna ya sake buɗewa. Ana ganin dabara ce ta korar ƙwari da dabbobi masu kiwo.

Da dare ma yakan rufe. A 1729 masanin Faransa de Mairan ya ajiye tsiro irinsa cikin duhu, abin mamaki ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci.

*Misali:* Yara sun taru suna tsokanar kama-walkinka a bakin rafi.