Daga Mashi Zuwa Bindiga: Tarihin Farautar Aladen Daji

A ranar 18 ga watan Nuwamba na shekarar 1664, wani basarake mai suna Miklos Zrinyi ya fita farauta a wani kurmi da ke cikin ƙasar Kuroshiya ta yau, bai kuwa dawo gida da ƙafafunsa ba. Shi dai wannan taliki barde ne da ya sha gwabzawa da dakarun Turkawa, kuma marubuci ne, domin shi ya tsara wata doguwar waƙar yaƙi wadda mutanen Hangari ke tinƙaho da ita har gobe. Abin da takubban Turkawa suka kasa, sai ga shi wani aladen daji da aka yi wa rauni ya juyo ya aikata shi cikin ƙiftawar ido. Mun fara da wannan labari ne domin mai karatu ya san irin dabbar da muke magana a kanta.

Kada a ɗauka gadu muke nufi, wato mugun dawan da maharbanmu suka sani. Danginsa ne, amma shi wannan a kurmin Turai da Asiya da duwatsun Arewacin Afirka yake zaune. Ƙosasshen namiji yakan haura kilo 100, yana da haure biyu masu kaifi waɗanda yake wasa su da na sama duk sa'ad da ya motsa baki, ga kuma wata fata mai kauri a kafaɗunsa kamar garkuwa. Babban halinsa shi ne, idan aka ƙure shi ko aka yi masa rauni, yakan juyo kan mai farautarsa. Wannan hali shi ya tsara kowane makami da aka ƙera dominsa.

Tun zamanin Girkawan dā, marubucin nan Zenofon ya bayyana yadda ake kama shi da raga da karnuka da mashi. Mashin kuwa na musamman ne, domin a ƙasan ruwansa akwai wani ƙarfe da aka gitta. Dalili shi ne, in ba a gitta ƙarfen ba, dabbar za ta ci gaba da kutsowa da mashin a jikinta har ta iske wanda ya soke ta. Sama da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar wannan mashi bai sake kama ba. Da shi sarakunan Faransa da na Jamus suka riƙa gwada mazantakarsu, kuma Gaston Febus ya yi bayanin wannan farauta a littafin da ya soma rubutawa a 1387. Ko bayan da bindiga ta game duniya, hafsoshin Ingila da ke Indiya sun riƙe mashi suna bin aladen a kan doki, har da gasar cin kofi a yankin Meerut. Mu malaman makaranta da muka saba fita da 'yan sikawut sansani, da wuya mu tuna cewa Baden-Powell da ya kafa ƙungiyar gwani ne a wannan wasa: dokinsa ne ya ci kofin a 1883, kuma ya rubuta littafi sukutum a kai a 1889.

To amma akwai wanda littattafan sarakuna ba su cika ambata ba, shi ne manomi. A Turai ta wancan zamani farauta haƙƙin masu sarauta ce kaɗai. Garken aladu zai shiga gonar talaka cikin dare ya tone ta tas, amma idan talakan ya kuskura ya kashe guda, hukunci mai tsanani na jiransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Saboda haka da manoman Jamus suka yi bore a 1525 suka rubuta buƙatunsu goma sha biyu a garin Memmingen, ta huɗu a kan farauta take, inda suka koka da yadda ake barin namun daji suna cinye musu amfanin gona. An murƙushe boren da takobi. Sai a watan Agusta na 1789 juyin juya halin Faransa ya soke wannan gata na masu sarauta, Jamus kuma ta biyo baya a 1848. Da talaka ya sami bindiga da izini, bai yi wata-wata ba, ya rama. Cikin 'yan shekaru aladen daji ya yi ƙaranci a wurare da dama.

A nan ne tarihin bindigar ya shigo. Bindigar farko irin harbi-ka-rugan da muka sani ce, ɗuri ɗaya harbi ɗaya, wanda kuwa ya kuskure sai ya nemi bishiya. Maƙeran Jamus sun yi suna da gajeriyar bindigar maharba mai zane a cikin bututunta, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa ya tafi sak. Daga nan aka shiga neman harbi na biyu, aka yi mai baki biyu, har a 1878 wani maƙeri a Munich ya yi rajistar mai baki uku, biyu na tsuntsaye ɗaya na babbar dabba. A 1898 Wilhelm Brenneke ya fito da dunƙulallen harsashin dalma da ake sa wa bindigar tsuntsaye ta ka da alade, a shekarar ce kuma bindigar Mauser 98 ta bayyana. A 1905 Otto Bock na Balin ya ƙera harsashin 9.3x62 domin Jamusawa 'yan mulkin mallaka da ke fama da manyan namun dajin Afirka. Mulkin mallakar ya tafi, harsashin ya koma gida, yau yana cikin waɗanda maharban alade suka fi yarda da su, tare da 8x57 na Jamus da .30-06 da .308 na Amurka.

A ganinmu, duk mai cewa ga bindigar da ta fi kowacce bai karanta tarihin da kyau ba, domin wurin da za a je shi ke zaɓar bindiga. A Faransa da Jamus da Folan an fi yin farautar kora a lokacin hunturu: masu kora da karnuka su tayar da dabba, maharba na tsaye a bakin hanya, alade ya gifta a guje cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wannan wuri na gajeriyar bindiga ne mai saurin maimaita harbi, da madubin da ba ya jawo abu kusa sosai. A Sifen kuwa, inda ake ƙuri'a da safe kowa ya san inda zai tsaya, sannan a saki ɗaruruwan karnuka a kan tsaunuka, harbin yakan yi nisa, sai a nemi harsashi mai tafiya miƙe. Mai dako da dare a kan bene na katako shi kuma bindiga mai nauyi yake so, da babban madubi mai tara hasken wata. Doka ma ta tsoma baki. A Jamus ba a yarda a harbi alade da harsashin da faɗinsa bai kai milimita 6.5 ba, kuma an ƙayyade ƙarfin da zai kasance da shi a nisan mita 100, don kada a raunana dabba a bar ta tana yawo da fushi irin wanda ya ci Zrinyi.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yadda ƙasashen Musulmi irin su Turkiyya da Tunisiya da Maroko suka shiga jerin wuraren da Turawa ke zuwa wannan farauta. Da yake naman haramun ne, mutanen ƙasa ba su damu da bin sa don ci ba, sai dai don kare gona. A Turkiyya musamman, aladen yakan tsufa, haurensa ya yi tsawo, tsawon hauren kuwa shi baƙo ke biya wa kuɗi. Manomin da aka ɓata wa masara yana murna an rage masa mugun iri, ko da yake kuɗin ba aljihunsa suka cika shiga ba.

Abin da ya biyo baya a rabin ƙarnin da ya wuce ya juya labarin gaba ɗaya. Noman masara ya yawaita a Turai, hunturu ya rage tsanani, wasu maharban kuma suna zuba wa aladen abinci a daji don kada ya ƙaura. Sai ya shiga hayayyafa. A Faransa, waɗanda ake kashewa a shekara ba su kai 40,000 ba a farkon shekarun 1970, amma a kakar farauta ta 2019 zuwa 2020 sun haura 800,000. Jamus ta kashe fiye da 880,000 a wannan kakar. Ingila ma da ta rabu da shi ɗaruruwan shekaru, ya dawo mata bayan da wasu suka tsere daga gidajen kiwo. Tsohuwar rigimar manomi da maharbi ba ta mutu ba, salo ta sake: tun dokar 1968 a Faransa, maharba ne ke biyan diyyar gonakin da alade ya ɓata, amma a madadin haka an hana manomi yin dakonsa a gonarsa yadda ya saba.

Sai kuma ga annoba. Zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓulla a Jojiya a 2007, ya kai Folan a 2014, ya shiga Jamus a watan Satumba na 2020. Ba ya kama ɗan Adam, amma yana kashe aladu na gida da na daji, kuma yana iya bin takalmi ko nama ko motar maharbi ya tsallaka iyaka. Saboda haka mai shirin tafiya farauta dole ya duba taswirar cutar kafin ya duba kundin bindigogi, domin inda ta ɓulla akan taƙaita farauta da fitar da nama. Denmak kuwa, wadda ke samun kuɗi masu yawa daga kiwon aladu, ba ta tsaya jiran maharba ba. A 2019 ta kafa shingen waya mai tsawon kusan kilomita 70 a kan iyakarta da Jamus, tsayinsa mita ɗaya da rabi, aka kuma binne gindinsa a ƙasa saboda an san dabbar gwanar tono ce.