Wa Zai Fasa Ƙanƙarar Bana?

Na sayar da jirgina a kakar da ta wuce, don gwiwoyina sun ce sun gaji da tsallake ƙofofin ruwa da asuba. Wanda ya saya matashi ne mai aikin kwamfuta a Landan, yaro mai ladabi, amma duk tambayoyinsa a kan batir suke da ƙarfin intanet. Da na ce masa bai tambaye ni halin jirgin a cikin ƙanƙara ba, sai ya yi dariya ya ce ai shi daga Nuwamba zai ɗaure shi wuri guda sai Maris. Yawancin masu sayen jirgi haka suke yanzu. Sun san kanal na bazara, na furanni a kan rufi da ɗaukar hoto. Kanal ɗin da ya ciyar da mu kuwa na hunturu ne.

Siraran jiragen nan na Ingila faɗinsu ƙafa 6 da inci 10, tsawonsu ba ya wuce ƙafa 72, don a kan haka ne James Brindley ya auna matakan ruwansa tun ƙarni na 18, kuma har yau a kan ma'auninsa ake ƙera jirgi. Tsakanin jikin jirgi da bangon mataki ɗan yatsa biyu ne kawai. Duk wahalar hunturu daga wannan 'yar tazara take farawa: ƙanƙara ta kama bangon mataki ko da inci ɗaya, jirgi ya maƙale, ba gaba ba baya, ruwa yana sauka a ƙarƙashinsa.

Karatu ne ya kawo ni Coventry a ƙarshen shekarun 1970, tsadar haya kuma ta kora ni bakin ruwa. A mahaɗar Hawkesbury, wadda 'yan jirgi ba sa kira da komai sai Sutton Stop, na gamu da maigidana. A cikin jirgi aka haife shi, haka ubansa, haka kakansa. Bai iya karanta ko allon hanya ba, amma ya san kowace gada daga Coventry zuwa Brentford da sunan da mutanensu suka raɗa mata, wanda ba shi ne a taswira ba. A lokacin dakon kaya ya kusa mutuwa, abin da ya rage masa shi ne sayar da kwal buhu-buhu ga masu zama a jirage da gidajen bakin ruwa. Yana neman mai ƙarfin ɗaukar buhu, ni kuma ina neman wurin kwana. Bai taɓa tambayata daga ina na fito ba sai bayan da ya ga yadda nake naɗe igiya ya gamsu.

Abin da ya fara koya mini a kan ƙanƙara shi ne saurare. Siririya tana yin wani kuka mai tsini da yake gudu a gaban jirgi, kana jin sa yana tafiya har ya sha kwana. Wannan ba ta da matsala. In ta kai inci ɗaya sai kukan ya koma ƙara mai kauri, jirgi mai kaya yana ratsa ta amma ba ka isa ka juya shi yadda kake so ba, tsagar da ta buɗe ita yake bi. A miƙaƙƙiyar hanya da sauƙi. A kwana kuwa sai ka tura sandar tuƙi iya ƙarfinka, hancin jirgi ya ƙi, ya nufi gaɓa kai tsaye. Nan ake ja da baya, a fasa gefen da ake so da doguwar sanda mai ƙugiya, a sake gwadawa. In ta haura inci biyu zuwa uku, hanci ya fara hawa kanta maimakon ya sare ta, to ka nemi inda za ka ɗaure kusa da famfo da hanyar mota, don zamanka ya zo. Kuma kafin a taɓa kowace ƙofar mataki sai an kwashe ɓaraguzan ƙanƙarar da suka taru a bayanta, in ba haka ba ƙofa ba za ta koma gurbinta duka ba. Wannan aiki ne na rabin sa'a a kowane mataki, a tsaye kan katako mai santsi, ruwan da ke ƙasa kuwa wanda ya faɗa ba ya daɗewa da ƙarfinsa. A Hatton matakai 21 ne a jere. Sai mutum ya lissafa.

Amma abin da yake sa idonsa haske in yana ba da labari shi ne jirgin fasa ƙanƙara, wanda ni ban riske shi yana aiki ba. Gajeren jirgi ne mai zagayayyen ciki, na ƙarfe ko na katako da aka lulluɓe da ƙarfe, da dogon maƙari a tsakiya daga gaba zuwa baya. Maza su jeru hagu da dama su riƙe maƙarin, dawaki a gaɓa, wani lokaci fiye da goma, a kore su da gudu. Jirgin ya hau kan ƙanƙara, mutanen su yi ta jijjiga shi gefe da gefe har sai ta farfashe da faɗin da jirgin kaya zai wuce. A bayansa kuma jiragen kwal sun yi layi, kowa inji a kunne, don in ka yi jinkiri tsagar za ta sake haɗewa kafin azahar. Kamfanin kanal ne yake ɗaukar nauyin wannan, ba don tausayi ba, don kuɗin fito yana shigowa ne kawai in kaya suna tafiya. Su ma 'yan jirgi a kan kowace tafiya ake biyansu. Ranar da ƙanƙara ta tsare ka, ranar ba ka da ko sisi. Maigidana ya ce tun yana yaro aka sa shi cikin masu jijjigar, kuma abin da ya fi tunawa shi ne hannuwansa da suka manne wa ƙarfen, da tururin da ke tashi daga jikin dawaki.

Da na ambaci dawaki sai na tuna da Joe Skinner da matarsa Rose, waɗanda suka yi ta dakon kwal a kanal ɗin Oxford da alfadara har ƙarshen shekarun 1950, lokacin kowa ya daɗe da komawa inji. A Sutton Stop ɗin nan suka ƙare zamansu cikin jirginsu Friendship. Na makara da 'yan shekaru, ban same su ba, amma kowa a wurin yana maganarsu kamar jiya suka tashi. Jirgin yana gidan tarihi na Ellesmere Port yanzu, a bushe, ana kallonsa.

Hunturun 1962 zuwa 1963 ne ya karya sana'ar. Daga ƙarshen Disamba har farkon Maris ruwa ya zama dutse, jirage cike da kwal suka tsaya inda sanyi ya same su. Masana'antun da ke jiran kayan ba su jira ba, suka kira manyan motoci, ga babbar hanyar M1 an buɗe tun 1959. Da ƙanƙara ta narke, yawancinsu ba su dawo ba. A 1963 ɗin hukumar hanyoyin ruwa ta gwamnati ta janye daga mafi yawan dakon da take yi da siraran jirage. Kamfanoni irin su Willow Wren da Blue Line suka ɗan ja abin, har zuwa 1970 da aka kai kwal na ƙarshe masana'antar jam da ke Southall. Dakon ruwan lemun tsami daga Brentford zuwa Boxmoor ya kai 1981, shi kam na gan shi da idona, ganguna jere a cikin jirgi. Iyalan da suka yi zuriya bayan zuriya a kan ruwa aka watsa su gidajen gwamnati a Braunston da Coventry da sauran garuruwa. Maigidana ya ce makonnin farko a gidan bulo matarsa ta kasa barci, wai ɗakin ya yi mata faɗi, shi ya sa suka koma ruwa.

Wanda bai shiga ɗakinsu na baya ba ba zai gane maganarta ba. Bai fi rumfar mai shayi ba, tsawonsa bai kai ƙafa goma ba, amma a ciki akwai murhu, da gadon da ake naɗewa cikin bango, da kabad ɗin da ƙofarsa take saukowa ta zama tebur, da farantan ado da tagulla da ake gogewa kullum. A nan aka haifi 'ya'ya aka rene su. Mai tuƙi yana tsayawa a bakin ƙofa, ƙafafunsa a cikin ɗumin murhu, kansa a cikin dusar ƙanƙara. Tulun ruwa mai zanen furanni kuma gaban bututun hayaƙi ake ajiye shi a kan rufi, don kada ya daskare. Masu sayensa yanzu a shagon tsaraba suna dasa fure a ciki.

Dokar murhu ɗaya ce: daga Oktoba zuwa Afrilu ba ya mutuwa. Da dare a cika shi, a rage iska, da asuba a kaɗe toka a buɗe masa. In ya mutu, kafin gari ya waye bangon ƙarfe ya yi gumi, gumin ya daskare a jikin taga ta ciki, bargo ya yi danshi. Sababbin shiga in sun ji iska tana shigowa sai su toshe ramukan shan iska da tsumma, wanda shi ne hanya mafi sauri ta kwanciyar da ba a tashi. Sai a 2019 aka wajabta na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba a jirage, mu kuwa tsawar maigida ce na'urarmu. Igiya takan kwana ta sandare har sai an zuba mata ruwan zafi kafin ta kwance. Famfon gaɓa yakan daskare, don haka buta ba ta sauka daga kan murhu, da ita ake shayi, da ita ake narkar da famfo, da ita nake alwala. Azumin da ya faɗo a Disamba a ƙarshen shekarun 1990 shi ne mafi sauƙi da na taɓa yi, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Alƙibla ce dai ba ta da tabbas. A saman kanal ɗin Oxford, wajen Wormleighton, hanyar tana lanƙwasa har ta kusa komawa inda ta fito, sai ka yi azahar kana fuskantar hancin jirgi, la'asar kana kallon bayansa.

Ba zan hana masu ilimi haƙƙinsu ba. Ba don littafin Narrow Boat na L. T. C. Rolt da ya fito a 1944 ba, da ƙungiyar da suka kafa shi da Robert Aickman a 1946, da dokar sufuri ta 1968 ta zamanin Barbara Castle wadda ta amince a riƙe hanyoyin don yawon shaƙatawa, da tuni an cike rabinsu da shara an yi wurin ajiye motoci. Su suka ceci ruwan. Sanin yadda ake aiki a kansa cikin sanyi kuwa yana kan mutanen da ba su iya rubutu ba, kuma ba a cika zuwa tambayarsu ba sai da suka kusa ƙarewa.

Yanzu hunturu lissafi ne na takarda. Dokar 1995 ta ba wanda ba shi da matsaya ta dindindin damar zama a jirgi muddin yana tafiya, kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ake rufe matakai don gyara, don haka tun kaka mutum yake zama da jerin wuraren da za a rufe, ya zaɓi yankin da ke da famfo da wurin zubar da bayan gida da shago, kada a kulle shi tsakanin gyara biyu. Tun 2012 hanyoyin, kimanin mil 2,000, suna hannun Canal & River Trust. Falankin sola da yake cika batir a Yuni ba ya tsinana abin kirki a Disamba, sai a kunna inji, shi ma tsakanin takwas na safe da takwas na dare kawai aka yarda in kana ɗaure.

Jirgin fasa ƙanƙara babu shi, don babu kayan da ke jira. Wanda yake buɗe hanya a yau shi ne mai jirgin kwal da dizal da tukwanen gas, kuma da yawansu tsofaffin jiragen dako ne na shekarun 1930 da aka ƙera a Woolwich da Northwich. A nan ne raina yake ɓaci. Ka taso tun duhu, ka yi sa'o'i kana faɗa da ƙanƙara don ka kai wa mutane abin da za su ji ɗumi, sai wani ya leƙo ta taga da rigar barci yana yi maka ihu wai ɓaraguzan suna kankare masa kwaltar jikin jirgi. Kwaltar da ko yaya sai ya sake shafa ta bayan shekara biyu ko uku. Kashegari shi ne zai fara kiranka a waya, gas ya ƙare. Masu jiragen roba kam suna da gaskiya, ƙanƙara tana iya huda su, shi ya sa maigidana yake sa ni in sauka in farfasa ta da sanda a kewayensu kafin mu wuce a hankali. Wannan ladabi ne da aka gada. Amma wanda bai taɓa fasa ko taku ɗaya ba, ba shi zai koya mana shi ba.

A Disambar 2010 ruwa ya sake kamawa makonni, har mu ma muka tsaya. A baro muka riƙa tura buhuna a kan hanyar dawaki, mil guda, mil biyu, zuwa ga tsofaffi da masu jarirai. Maigidana ya riga ya rasu a lokacin. Da yana nan da ya ce mun yi saurin sallamawa, ya kuma kawo labarin hunturun 1947.

Kwal ɗin ma ya canza. Tun 2021 aka fara hana sayar da irin na da don ƙonawa a gida a Ingila, sai dunƙulallen nan marar hayaƙi. Yana kwana a murhu, ban musa ba, huhun yara ma ya huta. Sai dai tokarsa ta fi yawa, kuma kowane iri da halinsa: wani yana son iska sosai, wani in ka buɗe masa kaɗan ya cinye kansa kafin tsakar dare. Duk wanda zai yi hunturunsa na farko, ya sayi buhu ɗaya-ɗaya na iri uku tun Oktoba ya gwada su a murhunsa, kafin ya tara tan guda a kan rufi na wanda ba zai kai shi asuba ba.