Gandu da Ƙwaryar Tuwo: Yadda Tsoho Yake Ƙarewa a Ɗakinsa

Idan ana maganar tsofaffin da ke bara a bakin masallatai da tashoshin mota, akan ce tausayi ne ya ƙaranta a zukatan 'ya'yan zamani. Tarihin zaman gida a ƙasar Hausa ya nuna cewa abin ya fi haka zurfi. Tsoho ya daɗe yana ƙare rayuwarsa a ɗakinsa, cikin mutanensa, domin akwai tsarin da ya ɗaure cinsa da shansa da gona da aikin gida. Tausayi yana nan, amma a kan wannan tsari yake tsaye.

A da, ginshiƙin tsarin shi ne gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba daga safe zuwa azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Uba kuma shi ke buɗe rumbu ya ba da awo, shi ke biyan haraji, shi ke ɗaukar nauyin auren fari. Ko ƙarfinsa ya ƙare har ba ya iya ɗaga fartanya, gona tasa ce, rumbu nasa ne, saboda haka ba alfarma ake yi masa ba in an kai masa tuwo. Tsohuwa ma tana da nata matsayin. Kulle ba ya hawa kanta, don haka ita ce ke zuwa kasuwa, ita ce ungozoma, tana kaɗi, tana daddawa, tana riƙe da 'yan kuɗinta a lalita. Sai kuma riƙo: a ɗauki jika a ba kaka, ya ɗebo mata ruwa, ya kai mata talla, ya kwana a ɗakinta, tana tsokanarsa da "maigidana", in mace ce ta ce "kishiyata". Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma riƙo ya sa ba ta tsufa ita kaɗai ba.

Inda gida ya gaza, unguwa ke shiga. Akan yi wa dattijo gayya a nome masa gona rana ɗaya, a gyara masa jinka ko yaɓe kafin damina. Da kaka ana fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, kuma liman da mai unguwa sun san ƙofar da ya kamata a kai. Da magariba yara na fita da ƙwaryar tuwo a rufe da faifai zuwa gidan maƙwabciya tsohuwa, ba tare da kowa ya kira abin sadaka ba.

Wani zai ce wannan yabon jiya ne kawai, kuma yana da hujja. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa gandu ya fi ƙarko a gidan mai gonaki da yawa, a gidan talaka kuwa 'ya'ya kan watse da wuri. Tsohuwar da ba ta da kowa takan sha zargin maita maimakon kulawa. Sai dai wannan suka ƙarfafa maganar take yi: inda gona ta ƙare, riƙon tsoho ya yi rauni, tun kafin a fara kukan lalacewar tarbiyya. Rabon gado ya yi ta tsinka gonaki, farin shekarun 1970 ya kori matasa zuwa cirani, kuɗin man fetur ya riƙe su a birane. Ɗa yana Legas yana aiko kuɗi ta waya, amma kuɗi ba sa juya mara lafiya a kan shimfiɗa.

Wasu kuma suna ganin mafita ita ce gina gidajen gajiyayyu. Akwai wanda ba shi da makoma sai can, kuma bai kamata a rufe masa ƙofa ba. Amma raba dattijo da sahun masallacinsa da inuwar da yake zama da abokan hirarsa cuta ce da yake ji a jikinsa, kuma ba jihar da ke da kuɗin killace tsofaffinta duka. Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi a 2003, tarayya ta yi dokar cibiyar kula da dattawa ta 2017. Amfaninsu zai bayyana ne in sun sauko unguwa, suka biya maganin hawan jini da gyaran rufi, suka ba matar da ke jinyar surukarta ɗan alawus, suka ɗora wa kwamitin masallaci rubuta sunan duk tsohon da ke kwana shi kaɗai da kuma wanda zai leƙa shi da safe.