Darasin Kasuwar Zangon Kataf

Jama'a, mu 'yan kasuwa ba mu manta 6 ga Fabrairu 1992 ba, ranar da ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta tashi mai da kasuwa sabon wuri. Katafawa na cewa Hausawa sun mamaye rumfunan tsohuwar, namu kuwa na ganin ciyaman mutanensa yake wa gata. Aka yi asarar rayuka. Gwamna Dabo Lere ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, Katafawa suka ce an karkata shi wajenmu. Watan Mayu wuta ta sake tashi, har Kaduna da Zariya. Saboda haka a nan Kagarko, mai neman rumfa ko fili, ko namu ne, kada a sa shi kwamitin rabo. Allah Ya kiyaye.