Tsohon Fetur A Injin Jirgin Ruwa: Yaushe Yake Da Amfani, Yaushe Yake Zama Haɗari?

Unguwar Borokiri tana kudancin tsohon garin Fatakwal, babban birnin Jihar Ribas, kuma ruwa ya kusan kewaye ta. Daga tashoshin jiragen ruwa da ke wannan yanki, kusa da kasuwar Creek Road, jirage masu inji ke tashi kullum zuwa tsibirin Bonny da Bille da Nembe da wasu garuruwan da ke cikin rafuka. Daga cikin masu bin wannan hanya akwai Hausawa 'yan kasuwa da ke kai albasa da wake da tumatir da raguna.

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya zama kayan da ba a zubarwa. Mai jirgi kan ajiye jarka ko ganga saboda gudun ƙarancin mai ko tashin farashi, sai kuma jirgi ya yi watanni a ɗaure saboda gyara. Ranar da za a koma aiki, tambayar ita ce ko wannan man zai yi.

Amsar a taƙaice ita ce, fetur na lalacewa, kuma ya fi saurin lalacewa a wuri mai zafi da laima irin Fatakwal. Wanda bai wuce wata uku ba, yana cikin mazubi mai tsabta a rufe ruf a inuwa, galibi yana yi. Wanda ya zarce haka sai an gwada shi. Wanda ruwa ya shiga, ko ya sauya launi da wari, bai kamata a fita da shi kan ruwa ba.

Yadda fetur ke lalacewa

Fetur haɗi ne na sinadarai masu yawa, wasu marasa nauyi, wasu masu ɗan nauyi. Hanyoyi uku ne yake bi ya lalace.

Ta farko ita ce tsiyayewa ta tururi. Sinadaran da ba su da nauyi su ne ke sa inji ya kama da wuri, kuma su ne ke fara guduwa idan murfin jarka bai rufu sosai ba ko rana na dukan ta. Abin da ya rage sai ya yi wuyar kamawa, a yi ta jan igiya inji bai tashi ba.

Ta biyu ita ce haɗuwa da iska. Iskar da ke cikin mazubi na sauya wani sashe na man ya koma ɗanƙo mai kama da fenti. Wannan ɗanƙo ke toshe ƙananan ramukan kafireta, waɗanda wasunsu ba su fi tsinin allura faɗi ba. Ingancin ƙonewar man ma yana raguwa, abin da kan jawo inji ya riƙa ƙwanƙwasa, har ya kai ga lalata fistin idan an matsa masa da kaya.

Ta uku ita ce ruwa. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma iskarta cike take da laima. Tankin da aka bari rabi yana shaƙar wannan iska, da dare kuma raɓa ta taru a jikinsa ta gangara ƙasa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin tanki yake kwanciya, daidai inda bakin tiyo ke zuƙar mai. Shi ya sa inji kan fara shan ruwan kafin ya kai ga man.

Lamarin ya fi muni idan man na ɗauke da sinadarin etanol ko metanol, domin su biyun suna jawo ruwa. Idan ruwan ya kai kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a fetur mai kashi 10 na etanol, sai sinadarin ya rabu da man ya bi ruwan zuwa ƙasa. Girgiza jarka ba ta mayar da su ɗaya. 'Yan Najeriya sun ga illar irin wannan a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, wanda kamfanin NNPC ya ce daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa.

Tsawon lokacin da yake ɗauka

Kamfanin mai na BP ya ƙiyasta cewa fetur na iya kai shekara guda a mazubin da aka liƙe aka ajiye a inuwa. Da zarar an buɗe shi, sai ya koma wata shida a yanayin zafi na digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, wata uku kuma a digiri 30. A cikin tankin inji kuwa, wata ɗaya kawai kamfanin ya ba shi. Zafin rana a Fatakwal na kaiwa digiri 30 a mafi yawan watannin shekara, don haka ƙaramin adadin ne ya dace da Borokiri.

Wannan lissafi na man da aka san ranar sayensa ne daga gidan mai. Wanda aka saya a hannun 'yan bumburutu ba a san kwanakinsa ba. A yankin Neja-Delta akwai kuma man haramtattun matatu da ake kira kpofire, wanda ba a tace shi bisa ƙa'ida ba, kuma babu mai tabbatar da abin da ke cikinsa.

Matsalar injin da ake haɗa wa baƙin mai

Yawancin injinan da ke bayan jiragen haya a Ribas, kamar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 ko 75, irin waɗanda ake gauraya baƙin mai da fetur ne. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 50 da 1, wato rabin litar baƙin mai a jarka mai lita 25, ko da yake littafin kowane inji shi ne abin bi.

Irin wannan inji ba shi da wani man shafawa sai wanda ke cikin fetur ɗin. Idan ya zuƙi ruwan da ya kwanta a gindin tanki, ƙarafunansa za su yi gogayya babu isasshen maiƙo. Idan kuma fetur ya tsiyaye ya bar baƙin man ya yi yawa, sai hayaƙi ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Saboda haka makanikai ke ba da shawarar a haɗa iya abin da za a ƙona cikin 'yan makonni.

Sababbin injina marasa kafireta, masu feshin mai ta na'ura, su ma ba su tsira ba. Datti kaɗan ke toshe bakin feshinsu, kuma gyaransu ya fi tsada.

Yadda ake gwada shi

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A sami kwalabe biyu masu haske, busassu. A zuƙo tsohon man daga gindin mazubi da famfon hannu, ba da baki ba, a zuba a ɗaya, a zuba sabon mai a ɗayar. A ajiye su a inuwa, nesa da wuta, na kimanin rabin sa'a.

Idan tsohon ya yi duhu kamar ruwan shayi, ya fara ɗanƙo. Idan ya yi hazo-hazo, ko an ga layi ya raba shi biyu, ko ɗigon ruwa na yawo a ƙasa, ruwa ya shige shi. Idan warinsa ya koma tsami kamar na tsohon fenti, ya lalace. Jan gari a gindin kwalba kuma alama ce ta tsatsa daga ganga.

Ga man da ba a haɗa da baƙin mai ba, ana iya ɗiga kaɗan a kan farar takarda. Fetur mai kyau na bushewa nan take ba tare da barin tabo ba. Tabon maiƙo na nuna cewa an gauraya shi da kananzir ko dizal.

Abin da za a yi da shi

Man da ya ci wannan gwaji amma ya haura wata uku, ana tace shi a gauraya kashi ɗaya da kashi uku ko huɗu na sabo, sannan a gwada injin a bakin tasha na ɗan lokaci kafin a ɗauki fasinja. Ya fi dacewa ma a ƙone shi a tudu, a janareta, kaɗan-kaɗan. Motar da ta mutu a hanya ana tura ta gefe. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar Kogin Bonny kuwa, igiyar ruwa ce ke tafiya da shi, ga manyan jiragen dakon mai da iskar gas na zirga-zirga, kuma jirgin da ya juya gefensa ga igiya yana iya kifewa. Kuɗin jarka guda bai kai na fistin ba, balle na kaya da rayukan da ke ciki.

Ana sayar da ruwan sinadari mai hana fetur lalacewa, sai dai a sabon mai ake zuba shi ranar ajiya. Ba ya farfaɗo da wanda ya riga ya lalace.

Idan za a ɗaure jirgi na fiye da wata guda, a tsiyaye man da ke cikin kafireta, a rufe ƙofar iskar da ke murfin tanki, a kuma rubuta ranar saye a jikin kowace jarka domin a fara da wadda ta fi daɗewa. Jarkar ajiya a cika ta kusan baki, a bar ɗan sarari saboda kumburin mai da zafi. Matatar da ke raba ruwa da mai, wadda ake ɗaurawa tsakanin tanki da inji, na rage haɗarin ƙwarai.

Haɗarin gobara

Fetur ɗin da ya gaza tayar da inji yana nan da ƙarfin tayar da gobara. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a cikin ƙwaryar jirgi ko lungun ɗaki, har ya iske murhu ko gindin sigari. Tashar jiragen Bonny da Bille da Nembe ta sha fama da gobara, ciki har da wadda ta tashi a watan Nuwamban 2021 ta ci rayuka da jirage.

Don haka ba a ajiye jarkar mai a ɗakin kwana ko kusa da wurin girki, ba a kuma zubar da lalataccen mai a rafi ko kwata, domin yana kashe kifi yana gurɓata ruwan da masunta ke ci da shi. A zuba shi a mazubi na daban, a yi masa alama, a rufe sosai, a miƙa wa masu tattara gurɓataccen mai.

Wanda ya sayi gurɓataccen fetur a gidan mai na iya kai ƙorafi ofishin hukumar NMDPRA, wadda aka kafa a ƙarƙashin dokar masana'antar man fetur ta 2021. Batun lafiyar jirage da ƙa'idojin tuƙi a ruwan cikin gida kuwa yana hannun hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja. Waɗannan shawarwari sun shafi matuƙan Yawuri da Baga da Lokoja kamar yadda suka shafi na Borokiri, domin irin injinan ɗaya ne.